Nazarin Wasan Kwaikwayo a Manyan Makarantun Sakandare: Bayani ga Iyaye, Malamai da Shugabannin Al'umma a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Gabatarwa

Wasan kwaikwayo ɗaya ne daga cikin manyan rassa uku na rubutaccen adabi, sauran biyun su ne zube da waƙa. A babbar sakandare, wato daga aji huɗu zuwa aji shida, ana nazarinsa a cikin darasin Hausa da kuma darasin adabin Turanci, kuma ana yin tambayoyi a kansa a jarrabawar kammala sakandare ta hukumomin WAEC da NECO, da jarrabawar shiga manyan makarantu ta hukumar JAMB. Saboda haka abin da ɗalibi ya sani ko ya kasa sani game da wasan kwaikwayo yana shafar sakamakonsa, yana kuma shafar irin kwas ɗin da za a ba shi a jami'a ko kwaleji.

An shirya wannan bayani domin iyayen yara da malamai da shugabannin makarantu da iyayen ƙasa da jami'an ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Manufarsa ita ce a fayyace abin da ake koyarwa, da littattafan da ake karantawa, da inda karatun yake kai ɗalibi, da kuma yadda makarantar karkara za ta gudanar da shi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba, kuma ba tare da saɓa wa addini da tarbiyya ba.

Matsayinsa a manhajar karatu

Hukumar NERDC ta Gwamnatin Tarayya ce take tsara manhajar firamare da sakandare a Nijeriya. A ƙaramar sakandare yara suna fara haɗuwa da wasan kwaikwayo a darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, wanda ya haɗa zane da kiɗa da wasa, sannan kuma a darasin Hausa. Idan suka shiga babbar sakandare sai a raba su zuwa ɓangarori, kamar kimiyya da kasuwanci da kuma ɓangaren adabi da zamantakewa. A yawancin makarantu ba a ware wa wasan kwaikwayo darasi na kansa ba, yana zuwa ne ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce darasin Hausa, wanda aka kasa shi gida uku: harshe da adabi da al'ada. A ƙarƙashin adabin baka ana nazarin wasannin gargajiya, a ƙarƙashin rubutaccen adabi kuma ana nazarin littafin wasan kwaikwayo da hukumar jarrabawa ta zaɓa. Hanya ta biyu ita ce darasin adabin Turanci, inda ake karanta wasa ɗaya na William Shakespeare, da wasan wani marubuci ɗan Afirka, da na wani marubuci daga wajen Afirka. Hanya ta uku ita ce ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, wadda ba a yin jarrabawa a kanta, amma a nan ne ɗalibi yake aikata abin da ya karanta.

Ya kamata iyaye su lura cewa lokacin shiga aji huɗu ne ake yanke shawarar da take bin ɗalibi har jami'a. Wanda bai ɗauki adabin Turanci tun daga aji huɗu ba, zai yi masa wuya ya cim ma 'yan'uwansa daga baya. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sake fasalin manhajar firamare da sakandare, don haka ana shawartar iyaye su nemi jerin darussan da makarantar ɗansu take bayarwa daga wurin shugaban makaranta kafin a yi zaɓi.

Tushensa a gargajiya

Bahaushe ya san kwaikwayo tun kafin zuwan boko. Yaron da ya tashi a Mada ko Wonaka, ko Yankuzo ko Bilbis, ko Nahuce ko Kwatarkwashi, ya riga ya ga yawancin abin da littafi zai gaya masa. Masana suna kasa wasannin gargajiya kamar haka:

1. Wasannin yara, irin su wasan 'yartsana, inda 'yan mata suke kwaikwayon aure da haihuwa da zaman gida, da langa, wadda take kwaikwayon yaƙi.

2. Tashe, wanda ake farawa bayan azumi ya kai kwana goma. A cikinsa akwai Jatau Mai Magani da Tsoho da Gemu da Macukule na maza, da Samodara da Mairama da Daudu na mata. Kowane wasa yana da shigarsa da waƙarsa da darasin da yake koyarwa.

3. Kalankuwa, wasan samari da 'yan mata na lokacin kaka, inda ake naɗa shugabanni da alƙalai da 'yan doka na wasa, a kwaikwayi yadda ake tafiyar da mulki.

4. Wasan gauta, wanda matan fada suke yi, su kwaikwayi sarki da hakimansa domin a nuna musu halayensu cikin raha.

5. Wasannin masu sana'a, kamar 'yan kama, waɗanda suke kwaikwayon malamai masu wa'azi amma zancensu duk na abinci ne, da 'yan gambara.

A waɗannan wasanni akwai ɗan wasa da 'yan kallo da fili da sutura da saƙo, kuma su ne ginshiƙan wasan zamani. Haka nan ƙasar Zamfara ta shahara da fasahar baka. Salihu Jankiɗi mutumin Rawayya ne ta ƙasar Bunguɗu, Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo kuma daga yankin Maradun da Bakura suka fito. Malamin da ya fara darasinsa daga abin da ɗalibai suka sani a gida, ya fi saurin kai su ga fahimtar littafi.

Taƙaitaccen tarihin rubutaccen wasan Hausa

Littafin farko da aka buga na wasannin Hausa shi ne Six Hausa Plays na Dokta Rupert East, a shekarun 1930, kuma an shirya shi ne musamman domin 'yan makaranta. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, ya kuma ci gaba da amfani da su wajen faɗakarwa lokacin da yake koyarwa. A shekarun 1940 aka sami Wasan Marafa na Abubakar Tunau Mafara, wanda ya yi magana a kan tsabta da kiwon lafiya da amfanin sa yara makaranta. Abin alfahari ne ga wannan jiha cewa ɗaya daga cikin Hausawan farko da aka buga wasansu ɗan ƙasar Talata Mafara ne.

Daga nan littattafai suka yawaita. Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, waɗanda aka fara gabatarwa a rediyo. Sai Uwar Gulma na Mohammed Sada a 1968, da Tabarmar Kunya na Adamu Ɗangoggo da Dauda Kano a 1969, da Bora da Mowa na Umaru Balarabe Ahmed a 1972. A 1975 Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da littafin Shaihu Umar na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan kwaikwayo, a 1976 kuma Adamu Halilu ya shirya fim ɗinsa. Umaru Ɗanjuma Katsina ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna a 1979, Yusuf Ladan kuma ya fitar da Zaman Duniya Iyawa Ne a 1980. An kuma fassaro wasanni daga wasu harsuna, kamar Daren Sha Biyu, wanda Ibrahim Yaro Yahaya ya fassaro daga Shakespeare, da Mutanen Kogo, wanda Ahmed Sabir ya fassaro daga Larabcin Taufiƙ al-Hakim na Masar. Daga cikin na baya-bayan nan akwai Malam Zalimu na Ado Ahmad Gidan Dabino.

Rediyo da talabijin sun kai wasan kwaikwayo har ƙauyuka. Dattawa suna tuna Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, da wasannin marigayi Ƙasimu Yero, da Karkuzu na Jos. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne mafarin finafinan bidiyo na Hausa.

Abubuwan da ɗalibi yake nazarta

A ƙananan azuzuwa ya wadatar yaro ya iya ba da labarin wasa. A babbar sakandare ana bukatar ya wuce nan, ya iya feɗe wasan ya kuma kafa hujja daga cikin littafi. Muhimman abubuwan nazari su ne:

Jigo. Shi ne babban saƙon da marubuci yake son isarwa, tare da ƙananan saƙonnin da suke tallafa masa. A Jatau Na Kyallu, misali, attajiri ne ya biye wa son zuciyarsa ya auro mace mai zaman kanta, ya wulaƙanta iyalinsa, har dukiyarsa ta salwanta. A Kulɓa Na Ɓarna kuwa, mai kuɗi ne yake yaudarar 'yar makaranta da abin duniya har karatunta da mutuncinta suka lalace. A Uwar Gulma an nuna halin da mace take shiga a hannun miji mashayi kuma ɗan caca. Ba a son ɗalibi ya ce jigon wasa faɗakarwa ne ya tsaya nan. Sai ya faɗi a kan me aka faɗakar, ya kawo aƙalla wurare biyu ko uku da suka tabbatar da maganarsa.

Zubi da tsari. Wasa yana kasuwa zuwa kashi-kashi, kowane kashi kuma yana da fitowa-fitowa. Ɗalibi zai lura da inda rikici ya faro, da inda ya yi tsanani, da inda aka warware shi. Zai kuma lura da bayanan da marubuci yake sakawa domin nuna wuri da lokaci da motsin ɗan wasa.

Taurari. Su ne mutanen cikin wasa, manya da ƙanana. Ana gane halin tauraro ta abin da ya faɗa, da abin da ya aikata, da abin da wasu suka faɗa a kansa. Sau da yawa sunan ma yana nuna hali, kamar Alhaji Ruwan Ido na cikin Kulɓa Na Ɓarna.

Salo da sarrafa harshe. Nan ake duba karin magana da habaici da zambo da kirari da barkwanci, da yadda maganar alƙali ta bambanta da ta dillaliya, ko ta ɗan boko da ta dattijo. Wani lokaci sunan littafi kansa daga karin magana aka ɗauko shi, kamar Tabarmar Kunya.

Al'adu. Wasannin Hausa cike suke da al'amuran aure da kishi da shari'a da sarauta da ciniki, kuma masu jarrabawa suna yawan tambaya a kansu.

Akwai wani abu da ya shafi ɗaliban wannan yanki musamman, wato karin harshe. Ɗan Zamfara yana cewa wanga da mi da hwari da yat tahi, alhali daidaitacciyar Hausa tana cewa wannan da me da fari da ya tafi. A fagen wasa karin harshen gida ado ne, domin yana sa tauraro ya zama kamar mutumin da aka sani. A takardar jarrabawa kuwa daidaitacciyar Hausa ake bukata, tare da kiyaye ƙa'idojin rubutu, musamman haruffa masu ƙugiya da raba kalmomi da haɗa su. Wajibi ne malami ya koya wa ɗalibai inda kowanne ya dace.

Wasannin adabin Turanci

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, tana sauya littattafan adabin Turanci duk bayan shekara biyar. Daga 2021 zuwa 2025 an karanta A Midsummer Night's Dream na Shakespeare, da The Lion and the Jewel na Wole Soyinka, da Let Me Die Alone na John Kargbo ɗan Saliyo, da Look Back in Anger na John Osborne, da Fences na August Wilson ɗan Amurka. Jerin 2026 zuwa 2030 ya ƙunshi Antony and Cleopatra na Shakespeare, da The Marriage of Anansewa na Efua Sutherland 'yar Gana, da Once Upon an Elephant na Bosede Ademilua-Afolayan, da An Inspector Calls na J. B. Priestley, da A Man for All Seasons na Robert Bolt. Makaranta takan zaɓi ɗaya daga wasannin Afirka, ɗaya kuma daga na wajen Afirka, amma na Shakespeare dole ne ga kowa. Jarrabawar tana da takardu uku: ta zaɓin amsa, da ta zube, da ta wasan kwaikwayo da waƙa.

Ko da yake da Turanci aka rubuta su, yawancin al'amuran da suke ciki ba baƙi ba ne ga ɗalibin karkara. Ananse na mutanen Gana ɗan'uwan Gizo ne na tatsuniyoyinmu wajen wayo, kuma a cikin wasan uba ne ya yi wa sarakuna huɗu alkawarin 'yarsa ɗaya domin ya ci dukiyarsu, har dabara ta kusa ƙare masa. A The Lion and the Jewel malamin makaranta da basarake ne suke neman yarinya guda, maganar sadaki kuma ta shiga tsakani. An Inspector Calls yana nuna yadda kowane mutum a gidan wani attajiri yake da hannu a halakar wata yarinya talaka. A Man for All Seasons labarin babban jami'i ne a Ingila wanda ya zaɓi mutuwa a kan ya yi rantsuwa bisa abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Idan malami ya fara bayyana labarin da Hausa, sannan aka koma ga Turancin, tsoron littafin yakan ragu ƙwarai.

Kafin a sayi kowane littafi, na Hausa ko na Turanci, a tabbatar daga makaranta cewa shi ne wanda hukumar jarrabawa ta sanya a shekarar da ɗalibin zai zauna, domin jerin WAEC da na NECO da na JAMB ba kullum suke zama ɗaya ba. Haka kuma ƙananan littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a kasuwa ba za su maye gurbin ainihin littafin ba, saboda akwai tambayoyin da ake ciro magana daga cikin wasa a ce wa ya faɗe ta, wa ya faɗa wa, kuma a ina.

Muhimmancin aiwatarwa

An rubuta wasan kwaikwayo ne domin a yi shi a gani, kuma gani ya kori ji. Ɗalibin da ya tsaya a gaban 'yan ajinsu ya riƙe matsayin alƙali ko na Kyallu ba ya mance abin da ya faru a wannan fitowa. Yana kuma samun abubuwan da allo ba ya bayarwa: ɗaga murya yadda za a ji, da tsayawa gaban jama'a ba tare da rawar jiki ba, da haddar magana, da kiyaye lokaci, da aiki tare da wasu.

Wannan aiki ba ya bukatar babban zaure ko fitilu. Inuwar itace ko barandar aji ta isa dandali. Tabarma da kujera da buta da sanda da rawani da tsohuwar riga sun isa kayan wasa. Inda littafi ya yi ƙaranci, ana iya raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya kwafi fitowa ɗaya a littafin rubutu, ya yi gwaji, ya gabatar. Waɗanda ba su da matsayi a wasan sai a ba su aikin ba da umarni, ko tanadin sutura, ko tunatar da wanda ya mance maganarsa, ko rubuta sharhi bayan an gama.

Ana ba makarantu shawarar su bi wannan tsari: a aji huɗu a yi wasannin gargajiya da kalmomin nazari, a sa ɗalibai su tambayi kakanninsu yadda ake tashe da kalankuwa a garinsu su rubuto. A aji biyar a karance littattafan jarrabawa daga farko har ƙarshe, a kuma aiwatar da su. A aji shida a mayar da hankali ga bita da amsa tambayoyin shekarun baya, kasancewar jarrabawar WAEC takan kama wajen watan Mayu da Yuni, ta NECO kuma ta biyo bayanta. A yi la'akari da cewa zangon ƙarshe yana haɗuwa da damina, lokacin da ake bukatar yara a gona, don haka ya fi kyau a yi manyan gwaje-gwaje a zangon farko da na biyu.

Addini, tarbiyya da tsaro

An ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, kuma jama'ar wannan jiha suna kishin tarbiyyar 'ya'yansu. Iyaye da dama suna ɗari-ɗari da wasan kwaikwayo saboda abin da suke gani na rawa da waƙa da cuɗanyar maza da mata a wasu finafinai. Wannan damuwa abar saurare ce, kuma hanyar magance ta ita ce makaranta ta yi komai a fili. A sanar da ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta abin da za a yi. A bar limami ko malamin addini na makaranta ya duba wasan da ɗalibai suka ƙirƙira. A kiyaye sutura, a kuma guji ambaton sunan wani mutum ko wani gida ko wata ƙabila da izgili. A makarantun da ba a haɗa maza da mata ba, ɗalibai sukan riƙe dukkan matsayai a tsakaninsu, kamar yadda ake yi a wasan gauta da wasu wasannin tashe. Duk wanda ya karanta littattafan da aka ambata a sama zai ga cewa akasarinsu gargaɗi suke yi a kan caca da shaye-shaye da zalunci da lalata 'ya'yan mutane.

Batun tsaro ma ba abin wasa ba ne. A Fabrairun 2021 an sace ɗalibai mata a Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara, a Satumbar shekarar kuma aka sace wasu a Kaya ta Maradun, abin da ya jawo rufe makarantu na wani lokaci. A Satumbar 2023 an sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida ta ƙaramar hukumar Bunguɗu. A Nuwambar 2023 gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Bisa wannan hali, a riƙa yin gwaji da gabatar da wasa da rana, a cikin harabar makaranta, a kuma tashi da wuri yadda masu zuwa daga ƙauyuka za su isa gida kafin la'asar sakaliya. Kada a fita da ɗalibai zuwa wani gari sai da izinin ma'aikatar ilimi da amincewar iyaye.

Inda karatun yake kaiwa

Galibin jami'o'i suna neman kiredit biyar, wato sakamako daga A1 zuwa C6, ciki har da Turanci. Ga mai son karanta fasahar wasan kwaikwayo ko Turanci ko aikin lauya, yawanci ana neman kiredit a adabin Turanci, kuma ana so ya kasance cikin darussan da ya rubuta a jarrabawar JAMB. Ga mai son digiri a Hausa, kiredit a Hausa ake nema. Sharuɗɗa suna bambanta daga wata jami'a zuwa wata, don haka a duba kundin JAMB na shekarar.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara koyar da wasan kwaikwayo a tsakiyar shekarun 1970, tana kuma da gidan wasa da aka gina da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa. Malamai da ɗalibanta sun yi suna wajen shiga Samaru da ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo, su zauna da manoma su ji matsalolinsu, sannan a shirya wasa a kansu a tattauna mafita. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos su ma suna da sassan wannan fanni, a Jos ɗin kuma akwai Cibiyar Koyon Shirya Finafinai ta Ƙasa. Ana nazarin adabin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Tarayya ta Gusau wadda aka kafa a 2013. Mai sha'awar koyarwa yana iya neman Kwalejin Ilimi ta Jiha da ke Maru. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya shahara a nazarin waƙar baka, misali ne na inda nazarin adabi yake kai ɗan wannan yanki.

Ayyukan da ake samu sun haɗa da koyarwa, da aikin rediyo da talabijin, da rubuta labarin fim, da fassara, da aikin wayar da kan jama'a a ma'aikatun lafiya da gona da yaɗa labarai. Hukumomi da ƙungiyoyi suna amfani da gajerun wasanni wajen isar da saƙon rigakafi da awon ciki da tsabtar ruwa da sa 'ya'ya mata makaranta, domin wanda bai iya karatu ba ma yana fahimtar abin da ya gani da idonsa.

Abin da ake bukata daga kowane ɓangare

Iyaye: su halarci taron makaranta lokacin zaɓen darussa a aji huɗu, su saya wa yaro littafinsa ko su haɗa kuɗi da maƙwabta a saya, su kuma je kallo idan an gayyace su.

Shugabannin makarantu: su tabbatar akwai malamin Hausa da na adabin Turanci, su sanar da ma'aikata da wuri idan babu, su ware lokaci a mako domin ƙungiyar wasa, su kuma ajiye kwafin kowane littafin jarrabawa a ofis ko ɗakin karatu.

Jami'an ƙananan hukumomi da kansiloli: su taimaka da littattafai da kyaututtuka, su kuma riƙa gayyatar ɗalibai su gabatar da gajeren wasa a tarurrukan wayar da kai da ake yi a cikin garinsu.

Iyayen ƙasa da dagatai da masu unguwanni a masarautun Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi: su sa albarka, su kuma haɗa malamai da dattawan da suka san wasannin dā, domin a rubuta su tun masu saninsu suna raye.

Kammalawa

Ƙasar da ta fitar da malaman 'Yandoto da marubucin Wasan Marafa ba ta rasa tushen da za ta gina wannan karatu a kansa ba. Abin da ake bukata shi ne malami, da littafin da ya dace da shekarar jarrabawa, da yardar iyaye, da fili a cikin makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka a fara shiri tun yaro yana aji uku na ƙaramar sakandare. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi shugaban makarantar da ɗansa yake, ko ofishin ilimi na yankinsa, ko Ma'aikatar Ilimi ta Jiha da ke Gusau.